Rahoton da Aka Sa Na Karanta a Gaban Mai Shi

Tun da na dawo daga Sudan ban huta da tambaya ba. In na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Wambai bayan la'asar, wannan ya ce in ba shi labarin jirgin ƙasa, wancan ya ce wai da gaske ne mutanen can ba su san tuwo ba. Na maimaita labarin har bakina ya gaji, kuma na lura kullum sai na ɗan ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya tun gishirin bai yi yawa ba, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Lokacin ba a maganar komai sai mulkin kai, ana cewa makarantu sai sun gyaru kafin Turawa su tattara. Baturen makaranta ya kira ni ofis ya ce an zaɓe ni in je kwas na wata tara a wata kwalejin horon malamai da ke bakin Farin Nilu. In na dawo zan zama malami mai ziyara, wato mai zaga makarantun elementare yana duba aikin malamai. Ina cikin godiya sai ya jawo wani fayil, ya ce aikina na farko makarantar Malam Bappa ce. Masu ziyara uku sun riga sun rubuta cewa 'yan ajinsa na huɗu ba sa cin lissafi a jarrabawa, ga shi ba shi da takardar horo. In na rubuta irin abin da suka rubuta, za a sallame shi.

Malam Bappa shi ya kama hannuna ya koya mini rubuta sunana. Danginsa duk suna daji da shanu, shi kaɗai ya zauna gari ya rungumi alli, ba shi da wata sana'a bayan wannan. Har yau in na hango shi tun daga nesa nake tuɓe takalmi. Na je yi masa sallama, ya yi mini addu'a mai tsawo, ni kuwa ban ce masa uffan game da fayil ba. Na fito daga zaurensa zuciyata ba daɗi, kuma haka na tafi da abin har Sudan.

An ce in hau jirgin sama daga Kano, na ce na fi son hanyar ƙasa don in ga garuruwa. Wannan abin da na faɗa wa Bature ke nan. Gaskiyar magana tsoro ne, don ni ban ga dalilin da zai sa mutum mai iyali ya shiga cikin ƙarfe a ɗaga shi sama ba. Bature ya yi dariya ya ce to in tashi da mako shida a hannu.

Daga Bauchi na hau babbar motar kaya, muka bi ta Darazo da Potiskum har Maiduguri. A tashar Maiduguri na haɗu da Goggo Dije, wata tsohuwa 'yar Misau da za ta Makka. Kayanta kuwa sai ka ce ƙaura za ta yi: ga tabarma, ga tukunya, ga buhun gero, ga kuka da daddawa, har da ɗan turmi da taɓarya. Na ce, “Goggo, turmi har Makka?”

Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi akwatina, ta ce, “Kai me ka cika naka da shi?”

Na ce littattafai ne.

Ta ce, “To, Malam Boko, in yunwa ta zo ka dafa su.”

Tun daga nan sunana ya zama Malam Boko a bakin duk 'yan motar. Kuma ban ɓoye muku ba, kwana ashirin da wani abu turmin nan ne ya riƙe ni.

Wahalar iyaka ta fara ne a kogin Shari. Muna sauka daga kwalekwale santsi ya kwashe ni, na zauna daram cikin ruwa, takardar shaidar lambata, wato tsagar rigakafin agana, tana aljihun riga. Da muka shiga Fort Lami, ma'aikacin lafiya ya ɗaga ta da yatsa biyu tana ɗiga, ya girgiza kai. Na naɗe hannun riga na nuna masa tabon lambar da aka yi mini a Bauchi, ya ce shi takarda yake karantawa, ba dantse ba. Aka sake tsaga ni, aka ba ni sabuwar takarda da Faransanci. Da muka kai iyakar Sudan, na can ya juya ta ya sake juyawa ya ce ba ya jin wannan yare, shi ma ya tsaga nasa. Na shiga ƙasar da lamba uku a hannu ɗaya, mako guda ba na iya ɗaga buta da hagu.

A Fort Lami mun sauka gidan wani fatoma Bakano da ya shekara talatin a can amma har yanzu kullum yana cewa baɗi zai koma gida. Nan na fara ganin burodin Faransawa, dogo siriri, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafe yana hira, ba takarda ba komai. Goggo ta ce ita ba za ta ci abin da ya kwana a hammatar ƙato ba. Motocinsu kuma dama suke bi, ba hagu irin namu ba. Sau biyu ina duba inda na saba in tsallaka titi, sai in ji ham a ƙeyata.

Bayan Abeshe mota ta kafe a yashi, direba ya ce kowa ya sauko a tura. Na ɗan ja gefe ina gyara babbar rigata, don a ganina malamin En'e ba ya turin mota. Goggo tana zaune kan turminta ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, “Malam Boko, ko ba a kai ku wannan darasin ba ne?” Na tuɓe riga na kama. Da taya ta samu ƙasa ta watso mini yashi har cikin kunne, 'yan mota suka yi ta dariya, ni ma daga baya na taya su.

A Ubayyid muka bar mota muka shiga jirgin ƙasa, a Kosti kuma muka rabu da Goggo, ita ta yi gabas. Ta ƙulla mini daddawa a tsumma ta ce in ɓoye, ranar da kewar gida ta kama ni in sunsuna. Na tsaya har jirginsu ya ɓace, idona ya kawo ruwa, don na saba da zolayarta fiye da yadda na zata. Ban sake jin labarinta ba, ina dai yi mata addu'a Allah Ya sa ta isa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a kwalejin shi ne cin abinci. Da hantsi aka kawo wani babban faranti na wake da man riɗi, wanda suke kira ful, sai ga shugaban kwalejin ya naɗe hannun riga ya zauna, ga ɗalibai, ga direban makaranta, kowa ya sa hannu. Na ja da baya, don mu a gida ɗalibi ba ya haɗa kwano da malaminsa. Shugaban ya zaci ƙyama nake yi, sai da na yi dogon bayani. Larabcina kuma na littafi ne, in na nemi ruwan sha sai su kwashe da dariya su ce kamar limami yana huɗuba. Tuwonsu asida ba laifi, amma kisra, wani abu falan-falan mai tsami, ta ci mini wata biyu kafin mu shirya. Gaisuwa sai an dafa kafaɗa kafin a yi musafaha, ni kuwa kafaɗar hagun ce mai lamba.

Wanda aka danƙa ni hannunsa sunansa Ustaz Mahjub, gajere mai saurin tafiya, jallabiyarsa kullum da ƙurar alli. Daga wajensa na ga yadda suke aiki. Malami in ya gama horo ba a sakinsa haka nan. Ana aika masa da ƙananan littattafan jagora, ana kiransa kwas lokacin hutu, malaman kwalejin kuma su hau jaki ko mota su je ƙauyensa su kwana biyu tare da shi. In an canza littafi, mutum ne yake kai shi da hannunsa ya zauna ya nuna yadda za a koyar da shi. Na ga wannan ya burge ni, na rubuta a littafina, amma ban san zurfin abin ba sai da ya faɗo kaina.

A wata na biyar Ustaz ya tafi da ni ziyarar gwaji wani ƙauye a bakin kogi. Mutanen ƙauyen jikokin mahajjatan ƙasarmu ne da suka yada zango suka zauna, har yanzu Hausa suke yi a gida. Malaminsu, Malam Abbakar, dattijo ne mai furfura, kakansa mutumin Katagum. Da ya ji daga Bauchi nake sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ta cewa ɗan'uwa ya zo. Ustaz ya bar ni a nan ya wuce makarantar gaba, ya ce in duba aji in rubuta rahoto, gobe da azahar zai dawo.

Na zauna bayan aji. Malam Abbakar ya iya riƙe yara, amma da aka zo lissafi ya rubuta rabi a tara da sulusi, sai ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya ce biyu bisa biyar ke nan. Yara suka kwafa. Ya yi misali huɗu, duk a haka.

To ga yadda muke yi a gida, kuma duk wanda ya yi aikin makaranta a lardin nan ya sani. Mai ziyara ba ya kunyata malami, balle wanda ya girme shi. Zai ce madalla, ya ci abin da aka ba shi, a rako shi har bakin hanya. Aibin da ya gani sai ya zuba shi a rahoto, rahoto ya tafi ofis, malami kuwa ba zai taɓa ganinsa ba. Mu a wajenmu wannan shi ne ladabi. Haka na yi. Malam Abbakar ya tambaye ni yaya na ga aiki, na ce madalla, Allah Ya ƙara basira. Ya sa aka yanka mini kaza, na fito da daddawar Goggo aka sa a miya, dattijon nan ya ci yana lumshe ido yana cewa rabonsa da wannan ƙamshi tun kakarsa na da rai. Da la'asar na koma gindin bishiya na rubuta shafi biyu. Ban rage komai ba, har na ce malamin bai san abin da yake koyarwa ba.

Washegari Ustaz ya dawo bayan an tashi yara. Ya karɓi rahoton ya duba, ya miƙo mini, ya ce, “To, kira Malam ka karanta masa.”

Na ce, “Ustaz, wa zan karanta wa?”

Ya ce, “Mai shi. A nan ba a tafiya da rahoto sai wanda aka rubuta a kansa ya ji, ya sa hannu.”

Na roƙe shi ya bar ni in sake rubutawa, ya ce abin da na gani ai shi na rubuta, ko ƙarya na yi? Aka shimfiɗa tabarma, Malam Abbakar ya zo da fara'arsa ya zauna. Na karanta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, gumi har yana ɗiga kan takardar. Da na gama ban iya ɗaga kai ba.

Malam Abbakar ya dube ni, ya ce da Hausa, “Ɗan'uwa, jiya da muke cin kazar nan, ka riga ka sani?”

Na ce, “Na sani, Malam.”

Ya ce, “Ai da ka faɗa mini. Yau da safe na sake koya musu haka. Wata yarinya ta ce ita ba haka ta samu ba, na tsawata mata har ta yi kuka.”

Ba fushi a muryarsa, shi ya fi yi mini ciwo. Ustaz bai yi mini dogon faɗa ba. Cewa kawai ya yi, “Ka kare kanka daga jin nauyi, shi kuma ka bar shi da kuskurensa.” Daga nan ya tashi ya karyo karan dawa guda biyu, ya yanka kowanne gida shida, muka tsuguna mu uku a ƙasa. Ya ware uku ya ce ga rabi, ya ware biyu ya ce ga sulusi, ya ce Malam ya ƙirga. Dattijo ya ƙirga biyar cikin shida, ya sake ƙirgawa, ya kama haɓa ya yi dariya ya ce shi ma haka aka koya masa tun yana saurayi, ba wanda ya taɓa ce masa a'a.

Kashegari Ustaz da kansa ya ɗauki alli ya koyar da ajin, ya ba Malam Abbakar takarda ya ce ya zauna baya ya rubuta aibinsa. Malam kuwa bai ji nauyi ba, ya ce Ustaz yana sauri, kuma bai waiwayi 'yan layin baya ba ko sau ɗaya. Ustaz ya ce gaskiya ne. Muka sake rubuta rahoton tare, aka sa kuskuren, aka sa cewa an gyara, aka sa ranar da za a dawo a duba. Malam ya kira yarinyar nan gaban aji ya ce ita ce da gaskiya. Da za mu tafi ya rako ni har bakin kogi, ya ce in gaida Katagum ko da ban bi ta can ba.

Sauran watannin ba na kwana ba na tashi sai da tunanin Malam Bappa. Da kwas ya ƙare na yarda na hau jirgin sama, don hannuna ba zai ɗauki lamba ta huɗu ba. Kada a tambaye ni yadda ƙasa take daga sama, ban buɗe ido ba sai a Kano.

Mako guda da dawowata na je makarantarsa. Kwana uku ina zaune a bayan aji. Wajen karatu da rubutu har yau ban ga kamarsa ba, yaro mafi nauyin kai sai ya lallaɓa shi ya karanta. A lissafi kuwa yakan kai su har ninkawa, da an zo shafin doguwar rabawa sai ya rufe littafi ya ce a koma baya a ƙara nanatawa. Na duba littattafan yaran na bara, nan suka tsaya su ma.

Rana ta uku da aka tashi, ya ce in zo mu je gida a dama mini fura. Na tuɓe takalmi na durƙusa a gaban teburinsa, na ce, “Allah gafarta Malam, akwai magana kafin fura.”

Ya ce, “Ina jinka, Ilyasu.”

Na ce, “Malam, ba a koya wa yaran nan doguwar rabawa. Ita ce take kayar da su a jarrabawa.” Na gaya masa maganar fayil, da rahotanni uku, da abin da Bature ya ce. Ban ɓoye komai ba.

Ya juya ya kalli allo. Na ɗauka zai ce in fita, kuma da ya faɗa da ban ga laifinsa ba. Sai ya ce, “Su ukun nan duk sun ci tuwona. Kowannensu madalla ya ce mini.”

Na ce, “Haka ne, Malam.”

Ya ce, “Shekara shida ke nan da aka canza littafin nan. A akwati aka aiko mana da shi, ba wanda ya biyo bayansa. Mu a zamaninmu ba a kai mu nan ba. Na zauna da shafin nan ni kaɗai ya fi a ƙirga, ya ƙi shiga. Wa zan tambaya? Ku da na koya wa riƙe alƙalami?”

Sai na ga ya tashi daga kujerarsa, ya tattare riga, ya je ya zauna kan bencin yara, gwiwoyinsa har suna taɓa ƙirji. Ya ce, “Tashi ka hau allo.”

Na ce, “Malam, ina ni ina tsayawa kana zaune?”

Ya ce, “Yanzu ka gama faɗa mini abin da ya fi wannan nauyi. Hau.”

Na aika aka samo mini tsakuwa cike da hula, muka fara da rabon tsakuwa kafin mu koma alli. Lissafi na farko ya ɓata, na biyu ya ɓata, kowanne na gaya masa inda ya kauce, kuma duk faɗa ɗaya sai na ji kamar harshena zai karye. Na uku ya fita daidai. Ya tsaya yana duban abin da ya rubuta, ya ce a hankali, “Ashe ɗan wannan ne.”

Na rubuta rahoton, na karanta masa daga farko har ƙarshe, ya gyara mini wata kalma da na rubuta ba daidai ba, sannan ya sa hannu. Bature ya karanta sau biyu, ya tambaye ni wa ya ce malami ya sa hannu a rahoto, na ba shi labarin kazar Malam Abbakar. Ya ce a bar Malam Bappa a ajinsa, da sharaɗin in riƙa zama da shi kowace Asabar bayan azahar har jarrabawa ta zo.

Asabar ta farko na share zaurenmu, na jingina allo, na shimfiɗa tabarma ɗaya. Ina zaune na ji sallama, na leƙa. Malam Bappa ne a gaba, bayansa dattawa huɗu, duk tsofaffin malaman elementare na cikin gari, kowa da littafin lissafi a hannu, kowa yana kallon ƙasa. Na rasa wanda zan fara durƙusa wa.

Malam ya ce, “Ƙaro tabarma, Ilyasu. Su ma shafin nan suke tsallakewa. Ka fara mana daga farko, kuma kada ka yi sauri.”